Sunan Ɗiyar Fari a Wasiƙar Cima

Ƙafarta ɗaya tana kan dutsen da ke tallafe da rumbu, ɗayar tana lilo a iska, hannunta na dama a miƙe sama da salula kamar mai miƙa wa tsuntsu tsaba. Haka Cima take yi kowace safiya bayan ta idar da salla, tun kafin ta hura wuta. Gidanta a gangare yake, cikin kwarin Dutsin Aduwa, kuma rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya saukowa gangare sai an tarye shi. Takan tsaya har kafaɗarta ta yi tsami, sannan ta sauko da wayar ta saurara. A wannan safiyar saƙonni sun shigo da yawa daga Abijan, daga Kamaru, daga Agadas, amma duk addu'a ce. Allah ya jiƙan Habsa. Allah ya sa ta huta. Ba wanda ya ce uffan game da mota.

Motar ita ce ambilans ɗin likitar garinmu, wato ɗan asibitinmu. Tun kaka injinta ya mutu, tana nan durƙushe ƙarƙashin itacen bedi, kaji suna yin ƙwai a inuwarta. Mai gyara ya zo daga Tamaske, ya leƙa cikinta, ya goge hannu, ya ce sai an sake inji. Da rani ba wanda ya damu ƙwarai, don ƙorama a bushe take, ko amalanke yana tsallake ta ya kai mara lafiya bakin babbar hanya. Amma idan ruwan sama ya sauka a kan tuddai, ƙoramar nan takan cika ta yi ruri, ta raba mu da Keita, inda babban asibiti yake. A lokacin ba wata hanya sai ta bisa fako, mai duwatsu da hawa, kuma ba abin da ke iya hawanta da mai naƙuda a ciki sai wannan motar.

A ɗakin da ke kallon rumbun kuwa, Sa'ida tana kwance a kan tabarma. Ita ce ɗiyar Cima ta fari, ta zo goyon ciki gidan uwarta kamar yadda ake yi. An yi mata hoton ciki a Keita, aka ce mabiyiya ta tare wa ɗa ƙofa. Majo Abdulkadir, babban malamin likitarmu, ya yi wa Cima bayani ba tare da ɓoye-ɓoye ba: ba za ta haihu da kanta ba, sai an yi mata aiki, kuma duk ranar da jini ya ɓalle ba a jiran gobe. Ya so a kai ta Keita ta zauna tun da wuri. Surukin Sa'ida, uban mijinta, ya ƙi. Mijinta yana Libiya, wayarsa ta daina shiga, tsohon kuma ya ce ba zai aika matar ɗansa ta kwana a garin da ba ta da kowa ba, ba da izinin mai ita ba. Idan lokaci ya yi, in ji shi, a saka ta a mota.

Ga motar, ga gajimare ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma.

Na san Cima tun muna yara, tana bin bayan awakin ubanta da ƙafa ba takalmi. Ba a saka ta lakkol, makarantar boko, ba. Karatu ya same ta ne a shekarun babban aikin nan na jera duwatsu da shuka itatuwa, lokacin da matan Adar suka ɗauki tuddai a kawunansu don a tsare ƙasa daga zaizaya. Da safe tana ɗaukar dutse, da la'asar tana zama a ajin manya ƙarƙashin rumfa, da alli a hannun da ya tsattsage. Sauran mata sun koyi rubuta sunansu suka tsaya. Ita ba ta tsaya ba. Garinmu gari ne da maza ke tafiya biɗar kuɗi a waje da zarar an kai hatsi rumbu, su bar mata da tsofaffi da kewa, saboda haka mai iya rubutu ba ta rasa aiki. Matan aure sukan zo mata da takarda a naɗe cikin gefen zane, su zauna su sunkuyar da kai, su faɗi rabin abin da ke ransu. Ita ce ke gane sauran rabin, ta san wanda za a rubuta da wanda za a bari. Mijinta Mahfuzu yakan yi mata ba'a cewa ta san sirrin garin nan fiye da liman. Ya rasu da daɗewa, ya bar ta da 'ya'ya da gona a bakin ƙorama.

Da salula ta zo, kowace mace ta iya magana da mijinta da bakinta, aikin Cima ya canza. Kwamitin likita ya ɗauke ta sakatare, ta zama mai rubuta wasiƙun neman taimako zuwa ga 'yan garin da ke waje. Yawancinsu ba sa karanta boko, don haka wasiƙar tana da rai biyu. Da farko Cima ta rubuta ta da alƙalamin bik a kaye, littafinta na rubutu, ta gyara, ta sake gyarawa. Daga baya ta karanta ta da muryarta a waya, a tura vokal ɗin, wato saƙon muryar, cikin gurup na 'yan Dutsin Aduwa, inda mai tura baro a Abijan da mai sayar da shayi a Duwala za su saurara a lokaci guda. Da wasiƙunta aka yi wa ajin lakkol rufi, aka yashe rijiyar yamma, aka sa fitilar hasken rana a ɗakin haihuwa.

Tana da hanyarta ta aiki, wadda ba wanda ya koya mata. Gaisuwa ba ta wuce numfashi biyu, don mai sauraro yana tsaye ne a bakin titi da kaya a ka. Abu ɗaya take roƙo a wasiƙa ɗaya. Ba ta kuka, ba ta zagin wanda bai bayar ba a baya. Idan an yi aikin, takan sake aika wata wasiƙar ta godiya da hoton abin da aka yi, domin ta ce wanda ya ga inda gudummawarsa ta sauka ba ya gajiya. Abin da ya fi duka shi ne takan sa mutum ɗaya a tsakiyar maganar, da sunansa da gidansu. Lokacin rijiya ba ta ce gari yana ƙishirwa ba. Ta ce tsohuwa Amina ta gidan maƙera tana tafiya har gulbi da tulu, kuma igiya ta cinye mata tafin hannu har ba ta iya tuƙa tuwo. Duk wanda ya ji ya tuna Amina, ya tuna ta taɓa ba shi fura yana yaro.

Kuma ba ta aika wasiƙa sai ta karanta wa Zali. Zali taubashiyarta ce, ɗiyar kawunta, gidansu katanga ɗaya. Idonta ya yi rauni, amma hannunta ba ya hutawa da saƙar tabarma, bakinta ma haka. Idan Cima tana karatu, ba fuskar Zali take kallo ba, yatsunta take kallo. In kaba ta ci gaba da shiga tana fita, wasiƙar ba ta kama ba. In yatsun suka tsaya, a aika.

Wasiƙar mota ta farko ba ta tsayar da yatsun Zali ba, Cima ta aika duk da haka. A ciki ta yi maganar matan gari baki ɗaya, da damina, da ƙorama. Aka amsa da cewa za a duba. A ta biyu ta sa sunan ƙanwarta Habsa. Shekarun baya, kafin a samu motar, Habsa ta yi naƙuda da rana tsaka bayan ruwa ya sauka. Aka ɗora ta a amalanken shanu aka kai bakin ƙorama, aka tsaya ana kallon ruwa yana wucewa da itatuwa. Cima tana riƙe da kanta a cinya. Ana hango wancan gefen, ana hango mutane a tsaye suna ɗaga hannu. Kafin ruwan ya janye Habsa ta cika. Cima ba ta taɓa ba da labarin nan a gaban jama'a ba sai a wannan wasiƙar, kuma abin da ya dawo mata shi ne addu'o'in da ta saurara a gindin rumbu.

Ta sauko daga dutsen, ta zagaya gidan Zali da wayar a hannu.

Zali ta ce, "Mi sunka ce, malamar birni?"

"Sun yi ma Habsa addu'a."

"To ai sun kyauta. Mi kike so su yi mata, su saya mata inji? Ta tahi inda ba a hawa mota." Ta ja zaren kaba da haƙori. "Ke da kinka koya ma mutane wagga sana'a, yau ke ce kike yi awa ba ki sani ba. Matacce addu'a aka ba shi. Mai rai aka ba kuɗi."

Cima ta ce, "Na biɗi mai ran. Na shiga gidan Hassan, matar ƙanensa tana da nauyi. Uwar mijin ta kusa kora ta da muciya."

"Da gaskiyarta. Wa ke kai cikin ɗiyarsa kasuwa?"

"To kin gani."

"Na gani, ko da idona ya mutu. Ke ma kina da mai nauyi cikin ɗakinki, kuma ita ce Majo ya ce."

Cima ta tsaya tana kallon katanga.

Abin da Zali ta taɓa abu biyu ne, kowanne da nauyinsa. A wurinmu ba a maganar ciki. Mace takan ɗauke shi a gaban kowa, ana gani, ba a faɗi, saboda tsoron baki. Ba kowane mai jin labari ne ke fatan alheri ba, kuma akwai bakin da in ya sauka a kan abu sai ya lalace. Cima ta yi imani da Allah, ta kuma san allura da magani, amma a cikin wannan tsoron aka haife ta. A gurup ɗin nan akwai mutanen da ba ta san zuciyarsu ba, vokal kuma ba ya tsayawa inda aka aika shi.

Na biyu ya fi zurfi. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, ko yana kuka sai wata ta ɗauka. Kunya ce da aka gada, kuma ana auna mutuncin mace da ita. Da aka yaye Sa'ida, kakarta, Inna, ce ta ɗauke ta ta riƙe. Ta tashi tana kiran Cima Yaya, kamar wata babbar 'yar'uwa. Ita kuwa Cima, tun ranar suna har yarinyar ta yi aure, ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta. Takan ce waccan, ko yarinyar nan, ko ta ɗakin Inna. Ko wata mai irin sunan ta gamu da ita a rijiya, sai ta ce mata takwara. Matar da ta rubuta sunan kusan kowa a garin nan, akwai suna ɗaya da harshenta bai san ɗanɗanonsa ba.

A ranar da azahar iska ta taso daga gabas, mai sanyi, da ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa a wani wuri. Maza suka fito ƙofar gida suna duban sama da murna, ana ta fiddo iri. Cima tana tankaɗe a tsakar gida, hannunta ya tsaya. Duk shekarun rayuwarta wannan ƙamshin albishir ne. Yanzu ji ta yi kamar wani ya tsaya a bayanta yana numfashi. Iskar ta wuce ba ta zubar da komai ba, amma kowa ya san ta yi sallama ne kawai.

Tun daga nan ta daina jin daɗin komai. Idan Sa'ida ta juya a kan tabarma ta yi ɗan nishi, Cima takan tsaya cak da ludayi a hannu, tana sauraro, ba ta iya shiga ta tambaya. Idan yarinyar ta fito zagayawa, takan bi ƙasa da ido a inda ta taka, tana neman ɗigon da take roƙon Allah kada ta gani. Ta wanke zannuwan yarinyar da kanta, tana buɗe kowanne a rana kafin ta tsoma a ruwa. Sau da yawa takan je bakin ƙorama kamar mai duba gona, ta tsaya tana kallon yashi fari, shiru, da sawun awaki a kansa.

Wata safiya ta ɗauki ƙwaryar kunu ta shiga ɗakin. Ta ajiye, ba ta fita ba kamar yadda ta saba. Ta zauna a bakin ƙofa ta ba yarinyar baya, tana kallon tsakar gida, ta yi magana kamar da tukunyar da ke kan murhu take yi.

"Ana son a sa sunan mutum cikin takardar mota."

Sa'ida ta ce, "Na ji ku da Gwaggo Zali, Yaya. Katangar ba ta da kauri."

"Duniya za ta ji. Har surukai."

"Ai duniya ta gani. Ni ce dai ba a hwaɗa ma ba." Ta ɗan yi dariya, dariyar ta katse. "Kullum in na rufe ido ina ganin ruwan nan. Ban san Inna Habsa ba, amma ina ganin ta."

Cima ta dafa ƙasa da tafin hannu.

"A sa," in ji Sa'ida. "In baki ne, Allah ya fi shi. Amma wa za ya karanta? Majo?"

Cima ta tashi ta fita.

Ta rubuta wasiƙar a inuwar rumbu. Da ta iso wurin sunan sai ta bar fili, ta ci gaba. Ta gama, ta dawo kan filin. Daga ƙarshe ta rubuta, da ƙananan baƙaƙe, kamar mai ɓoye allura a cikin zane. Ta kai wa Zali. Da ta zo wurin a karatu sai ta ce wance, ta wuce.

Yatsun Zali ba su tsaya ba. Ta ce, "Wance ɗiyar wa? A garin ga wance ta fi tsakuwa yawa."

"Kin san ko wa."

"Ni na sani. Ɗayyabu da ke Abijan yana auna shinkafa bai sani ba. Ki ba Majo ya karanta, ki huta. Shi ba kunya gare shi ba, har allura yake yi ma surukarsa."

Cima ta ce, "In Majo ya hwaɗi, suna ne cikin sunaye. Kullum yana hwaɗin sunayen marasa lahiya."

"To in ke kinka hwaɗi fa?"

"Za su san abin ya kai."

Zali ta ajiye saƙar a cinya. Sannan ta ce a hankali, "Za su ce Cima ta zubar da kunya da tsufanta. Ni ma zan ce, don kada a ga na bar ki. Tahi ki yi."

Likitarmu a kan tudu take, rezo yana shiga ofishin Majo ta taga. Cima ta hau da hantsi, kayen a ƙarƙashin mayafi. Ta wuce motar ba ta dube ta ba. A gabas gajimare ya yi gini, fari a sama, baƙi a gindi, ba ya motsi. Majo Abdulkadir mutumin Buza ne, ya daɗe a cikinmu har ya san abin da ake faɗi da wanda ba a faɗi. Ya karɓi kayen ya karanta a zuci, ya kai wurin ƙananan baƙaƙen, ya ɗago ya dube ta.

"Inna Cima, in kina so ni in karanta."

"Riƙe mini wayar dai."

Ya danna, ya miƙo wayar kusa da bakinta. Ta yi sallama, ta gaida manya da yara, na gabas da na yamma. Muryarta tana nan yadda aka san ta, a kwance, ba gaggawa. Ta ce, "Ni ce Cima ta gidan Mahfuzu. Na yi muku magana sau biyu a kan motar likita, yau zan yi ta ƙarshe kafin ruwa. Abu ɗaya nake roƙo, a sa mata inji. Akwai mace a garinku da ke da ciki, an duba an ce ba za ta haihu ba sai da aiki a Keita. In ƙorama ta kawo ruwa kafin motar nan ta tashi, ba ta da hanya. Wannan mace..."

Ta tsaya. Leɓɓanta suka motsa, ba abin da ya fito. Majo yana riƙe da wayar, yana kallon tebur. A waje wani jaki ya yi kuka. Ta ce, "yarinyar nan," sannan ta girgiza kai. Majo ya goge abin da aka ɗauka.

Ya zuba mata ruwa a kofi, ta kurɓa, ta ajiye. Zufa ta jiƙa mata goshi ko da yake iska tana shigowa. Abin da ke ranta a lokacin, ta gaya mini daga baya, ba maganar mutane ba ce. Ji take yi kamar duk shekarun nan shirunta ne ya ɓoye yarinyar daga idon mutuwa, kamar yadda kaza ke rufe ɗanta idan inuwa ta gifta a sama. In ta kira sunan da ƙarfi, wa zai fara juyowa?

Can nesa aka yi tsawa, ƙasa-ƙasa, kamar ana mirgina turmi a bayan dutse.

Ta ce, "Danna."

Ta sake daga farko. Da ta iso wurin ba ta rage murya ba, ba ta kuma ɗaga ba. Ta ce, "Wannan mace sunanta Sa'ida. Ɗiyata ce ta fari. Kun san ni, kun san ban taɓa faɗin sunan nan ba, ko a ɗaki. Yau na faɗa a gabanku duka. Wasunku sun yi wasan ƙasa da ita a ƙofar gidan Inna. Wasunku sun ci goron aurenta. Tana kwance a ɗakina, tana jin tsawar da kuke ji a bayan maganata. Ba ita kaɗai ba ce mai nauyi a garin nan, amma ita ce nake da ikon faɗi. Mai gyara yana Tamaske, ya san inda injin yake, jira yake a ce masa ya taho. Duk abin da aka yi zan nuna muku da hoto, kamar yadda na saba. Allah ya tsare ku a inda kuke, ya maido ku gida lafiya."

Majo ya saki maɓallin. Ya tambaye ta da ido, ta gyaɗa kai, ya tura. Suka ga alamar ta nuna saƙon ya tafi.

Cima ta zauna a kan benci, ta haɗa hannuwa a cinya, tana kallon ƙasa kamar wadda aka kama da laifi. Bakinta ta ce ya yi mata wani iri, kamar ta tauna abin da ba a ci. Hasken da ke shigowa ta taga ya fara canza launi, ya koma ja-ja. Takardun da ke kan tebur suka ɗaga gefe suka kwanta.

Wayar ta yi ƙara. Muryar wata mata ce daga Agadas, ba ta ko yi sallama ba. "Subhanallahi. Cima, da girmanki? Ki tona cikin ɗiyarki a duniya? Allah ya tsare ta da bakin mutane, tunda ke ba ki tsare ta ba."

Majo ya yi sauri zai kashe, Cima ta ɗaga masa hannu ya bari har ta ƙare. Fuskarta ba ta motsa ba, amma yatsunta sun shige cikin juna har suka yi fari.

Wayar ta sake yin ƙara. Wannan karon Ɗayyabu ne, shugaban 'yan garinmu na Abijan, mutum mai son doguwar gaisuwa da barkwanci. Yau ba ko ɗaya. Ana jin hayaniyar kasuwa a bayansa. "Yaya Cima, ke ce kinka hwaɗi sunan ga da bakinki? Na saurara na sake saurara, na ce ko kunnena ne." "Mun yi sake. Mun ɗauka irin maganar kowace shekara ce. Majo, in kana kusa, kira mutumin Tamaske yanzu, ka ce ya ɗauko injin ya taho, kada ya jira ranar kasuwa. Mu mun ɗauka. Wanda bai yarda ba ya same ni a shago."

Tun bai rufe baki ba wasu saƙonnin suka fara shigowa, wayar tana ta rawa a kan tebur. Majo ya ɗauki tasa wayar yana neman lambar mai gyara, yana magana da sauri, yana tambaya ko hanyar Tamaske a bushe take, ko za a iya isowa kafin yamma, ko aikin zai ɗauki yini nawa. Daga amsoshin da yake maimaitawa Cima ta gane cewa injin zai zo, amma ɗaura shi ba aikin yini ɗaya ba ne. Ta juya ta dubi taga. Ginin gajimaren ya rushe ya bazu, ya rufe rabin sama, kuma ganyen bedi ya fara juya bayansa.

Majo ya rufe wayar da tafin hannu ya ce, "Zauna ki ji sauran, Inna. Ga na Kamaru nan, ga na Lome. Wasiƙarki ta kama."

Cima ta miƙe. Ta ɗauki kayen daga kan tebur, ta rufe shi, ta tura ƙarƙashin mayafi.

Ta ce, "Ka saurara ka gaya mini. Na bar ta ita kaɗai."

Ta ɗaga labulen ƙofa, iska ta karɓe shi daga hannunta, ta fita.